Offend, Insult ko Abuse: Wacce Za Ka Sa a Takardar Ƙorafi, Wacce a Ban Haƙuri?

Doka ta 12 a cikin dokokin ƙwallon ƙafa ita ce ke jera laifuffukan da alƙalin wasa zai ɗaga wa ɗan wasa jan kati a kansu. Ɗaya daga ciki shi ne furta magana ko yin wata alama wadda Turancin dokar ya kira “offensive, insulting or abusive”. Kalmomi uku reras. Da a ce duk abu ɗaya suke nufi, da masu tsara dokar sun tsaya a kan guda. Mu kuwa yawancinmu duk ukun “zagi” muke ce musu, wadda ta riga zuwa baki ita muke ɗauka.

A hirar majalisa wannan ba ya cutar da kowa. Ranar da aka ce ka rubuta ne za ka san da bambanci. Ma'aikacin da zai kai ƙorafin abokin aikinsa gaban shugaban sashe, da ɗalibin da zai ba malaminsa haƙuri a wata jami'a a Ingila, da ɗan jaridar da zai mayar da rahoton cacar bakin 'yan siyasa zuwa Turanci, duk zaɓi ɗaya ke gabansu. Kalmar da ka ɗauka ita za ta gaya wa mai karatu a wuyan wa ka rataya laifin, da kuma nauyinsa. “Offend” zuciyar wanda aka yi wa take kallo. “Insult” kuma bakin wanda ya yi da niyyarsa. “Abuse” ta zarce su duka, cutarwa take nufi, kuma ita ce ta fi jefa 'yan Najeriya cikin rigima idan sun fita waje.

“Offend” ta girmi sauran biyun a Turanci. Tun ƙarni na 14 take cikin rubuce-rubucen Ingila, kuma ta hanyar Faransanci ta shigo, tare da tarin kalmomin shari'a da mulki da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Shi kuma Faransanci daga Latin ya gado ta. A can “offendere” take, an haɗa ta daga “ob”, wato gaba da abu, da “fendere”, wato bugu. Ma'anarta ta asali ita ce yin karo da abu, ko yin tuntuɓe. Daga wannan saiwa “defend” ta fito, wato kare kai daga bugu.

Tuntuɓen nan shi ne mabuɗin kalmar har gobe. Dutsen da ya fasa maka ɗan yatsa bai kwana da kai a ransa ba, amma zafin da ka ji na gaske ne. Mutum zai iya ɓata maka rai bai sani ba, bai nufa ba, wataƙila ma alheri ya nufe ka da shi, kuma duk da haka Bature zai ce “he offended me”. Ba ma sai mutum ba. Wari yakan yi wa hanci haka, mummunan gini yakan yi wa ido, talla a talabijin yakan yi wa masu kallo. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, wadda aka yi a zamanin Sarki James, inda Matiyu 5:29 ke maganar idon da ke sa mutum tuntuɓe zuwa zunubi, “offend” aka sa. Baturen yau idan ya karanta wurin sai ya ɗauka idon ɓata wa mai shi rai ya yi, domin tsohuwar ma'anar ta dushe.

Ba ta dushe gaba ɗaya ba, amma. A farkon zuwanta Turanci kalmar ta ɗauki ma'anar saɓo da karya doka, har da kai hari, kuma waɗannan duk suna nan a 'ya'yanta. Wanda ya karya doka “offender” ne. Laifin kansa “offence” ne, da harafin c a Ingila da Najeriya, da s a Amurka. Babban farmakin soja kuma “offensive” ake ce masa, kamar farmakin Tet na 1968 a yaƙin Vietnam. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan faɗin ita ce “saɓa”: ana saɓa wa Allah, ana saɓa wa doka, ana saɓa wa aboki. Wannan yana da amfani a aikace. Idan ka rubuta “he offended me”, ranka ne ya ɓaci. Idan ka rubuta “he offended” kawai, ba ka ambaci wanda aka yi wa ba, to laifin kotu kake nufi. Mutum biyu daban ka siffanta, da cire kalma ɗaya.

“Insult” ta zo daga baya, a ƙarni na 16. Tata saiwar ta fi zafi. A Latin “salire” tsalle ne, “insultare” kuma shi ne dira a kan mutum, a yi ta tsalle a kansa. Da farko Turawa sun yi amfani da ita ga wanda ya kayar da abokin gaba sannan ya tsaya yana tinƙaho a kansa, sai a ƙarni na 17 ta zauna a ma'anar da muka sani. “Assault”, wato kai wa mutum hari, 'yar ɗakinsu ce, haka ma “result”, wadda asalinta tsalle da baya ne. Likitoci har yanzu suna riƙe da tsohon kaifinta: idan suka rubuta cewa ƙwaƙwalwa ko ƙoda ta samu “insult”, rauni suke nufi, ba wanda ya zagi ƙodar.

Ba a dira a kan mutum bisa kuskure. Shi ya sa duk wanda ka ce ya yi maka “insult”, tuhumarsa kake yi da gangan, ko aƙalla da rainin da ya fito fili har ba ya buƙatar bayani. Cin mutunci ke nan a namu harshen, ko da ashar, ko da baƙar magana, ko da daƙuwa, ko da tayin da ya yi ƙasa ƙwarai. Ma'aikacin da ya shekara goma yana aiki aka ƙara masa abin da bai kai kuɗin mota ba zai iya cewa ƙarin “an insult” ne. Wanda aka yi wa ƙaryar da ko yaro ba zai yarda ba yakan ce an yi wa hankalinsa “insult”, mu kuma mu ce an raina masa hankali. Wurin furuci ma a lura: idan aikatau ce, nauyin murya a gaɓa ta biyu yake, in-SULT, idan suna ce a ta farko, IN-sult.

Hanya mafi sauƙi ta gane cewa kalmomin nan biyu ba tagwaye ba ne ita ce a duba inda ɗaya take ɗayar ba ta nan. Bafulatani da Babarbare idan suka haɗu, ko Bakano da Bazazzagi, ko Bagobiri da Bayarabe, maganganun da za su jefi juna da su, in aka rubuta su a takarda aka miƙa wa baƙo, zagi ne tsagwaronsa. Kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, a yi dariya, a rabu lafiya. A Turanci sai a ce sun yi musayar “insults”, amma ba wanda ya zama “offended”. Ta ɗaya gefen kuma, baƙon da ya miƙa wa dattijo abu da hannun hagu, ko ya shiga ɗakin mutane da takalmi, ko ya kira surukinsa da sunansa gatsau, ya yi “offend” ɗin mutanen gidan, alhali bai yi “insult” ɗin kowa ba tunda bai san dawan garin ba. Ran da ya sani kuma ya maimaita, to kalmar ta canja.

Alamun hannu ma haka suke. Daƙuwar da za ta tayar da faɗa a tashar mota a Kano, Baturen Landan zai ɗauka ɗaga masa hannu ka yi, ko kana nufin biyar. Shi kuma idan ya ɗaga maka yatsu biyu bayan hannunsa na kallonka, ya zage ka ke nan, kai kana tsammanin biyu yake nema.

Abin da kotuna suka yi da bambancin

Wanda yake ganin duk wannan ƙaƙale ne na malaman Turanci, ya dubi abin da ya faru a gasar tanis ta Wimbledon a 1971. Dennis Brutus, ɗan Afirka ta Kudu mai yaƙi da mulkin wariyar launin fata, ya shiga fili ana tsakiyar wasan da wani ɗan ƙasarsa farar fata yake bugawa, ya busa usur, ya watsa takardu, ya zauna a ƙasa har sai da 'yan sanda suka ɗauke shi. 'Yan kallo sun fusata ƙwarai. Aka gurfanar da shi a ƙarƙashin dokar zaman lafiya ta 1936 bisa zargin ɗabi'ar da dokar ta kira “insulting”. Ƙaramar kotu ta sallame shi, ta gaba ta ce a'a, magana ta kai har Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. A 1972 alƙalan suka tsaya a bayan Brutus. Hujjarsu ita ce kalmar ta yau da kullum ce, kowane mai hankali ya san cin mutunci idan ya gan shi, kuma ba duk abin da ya fusata mutane ko ya nuna rashin damuwa da haƙƙinsu ne cin mutunci ba. Ya ɓata wa 'yan kallo rai, ya ɓata musu wasa, amma bai ci mutuncinsu ba. A kan tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu mutum ya koma gida.

Ingila ba ta gama da kalmar a nan ba. Sashe na 5 na dokar zaman lafiya ta 1986 ya haramta maganar da ta kasance “threatening, abusive or insulting”. Aka yi ta ƙorafi cewa 'yan sanda na kama mutane a kan maganganun da ba su taka kara sun karya ba, har ɗan wasan barkwancin nan Rowan Atkinson ya fito a 2012 yana goyon bayan gyara. Majalisa ta cire “insulting” daga sashen, gyaran ya fara aiki a Fabrairun 2014, aka bar sauran biyun. Ma'ana, a idon masu dokar, “abusive” ta fi “insulting” nauyi.

A Ostareliya kuwa “offend” ce ta zama abin faɗa. Sashe na 18C na dokar hana wariyar launin fata, wanda aka ƙara a 1995, ya jera aikatau huɗu, kamar matakala daga ƙasa zuwa sama: “offend, insult, humiliate or intimidate”. Masu suka suka ce matakin farko ya yi ƙasa da yawa, don kowa na iya cewa ransa ya ɓaci. Kotunan ƙasar suka fassara shi da cewa sai ɓacin ran ya zama mai zurfi da tsanani, ba ɗan raini kawai ba. A 2017 gwamnati ta nemi a cire ukun farko a sa “harass”, majalisar dattawa ta ƙi. Tun 1976 ma Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ce, a shari'ar Handyside, 'yancin faɗin albarkacin baki ya haɗa har da maganganun da kan “offend, shock or disturb”.

Mu ma a gida mun ɗanɗana. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya hukunta aika saƙon da yake “grossly offensive”, da kuma saƙon ƙarya da aka aika don jawo “annoyance” ko “insult”. Da shi aka riƙa kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, har aka yi wa sashen gyara a 2024 aka cire waɗancan kalmomi. A ganina duk dokar da ta jingina laifi a kan ɓacin ran mai ƙara kawai, ta miƙa wuƙa ga wanda ya fi saurin fushi, kuma masu mulki ba su cika haƙuri ba. Amma wannan wata maganar ce.

Tarkon “abuse”

Yanzu ga wadda ta fi buƙatar a zauna a kanta. A Turancin Najeriya, tun daga firamare, “he abused me” na nufin ya zage ni. Yaro ya kai ƙara wurin malami da ita, direba ya faɗa wa ɗan sanda da ita, jaridu ma sukan rubuta ta haka. Ba kuskure ba ne, domin ma'anar zagi tana cikin kalmar tun wajen 1600, kuma a Indiya ma haka ake amfani da ita. Matsalar ita ce kunnen Baturen yau ya riga ya karkata wani wajen.

Asalinta daga Latin ne ita ma: “ab”, wato kauce wa hanya, da “uti”, wato amfani. Yin amfani da abu ta hanyar da ba ta dace ba ke nan, kuma da wannan ma'anar ta shigo Turanci a ƙarni na 15. Shi ya sa ake cewa “drug abuse” ga shaye-shaye, “abuse of office” ga wanda ya yi amfani da kujerarsa ya ci amana. Idan kuma aka ɗora ta a kan mutum, a Ingila da Amurka da Kanada abin da ke fara zuwa zuciya shi ne cin zarafi: duka, azabtarwa, ko lalata, musamman ga yara da mata da tsofaffi. Ɗalibar da ta rubuta wa ofishin jami'a a Manchester cewa “my lecturer abused me”, tana nufin ya yi mata baƙar magana a aji, ta buɗe ƙofar binciken da ba shi ta nema ba. Uban da yaronsa ya gaya wa malamar makaranta a Toronto cewa “my father abuses me every morning”, yana nufin faɗan tashi da wuri, zai iya ganin jami'an kula da yara a ƙofar gidansa, domin doka ta wajabta wa malamai kai rahoton irin wannan magana.

Don haka idan mai karatunka ba ɗan gida ba ne, kuma zagi kake nufi, ka ce “he insulted me”. Idan ashar ce aka yi ta ɗura maka, da ihu, da maimaici, har ka ga “insult” ta yi kaɗan, to ka sa wa “abuse” linzami: “he verbally abused me”, ko “he shouted abuse at me”. Da wannan ƙarin an san da baki aka yi. Haka jaridun Ingila ke rubuta “racial abuse” idan 'yan kallo sun yi wa baƙar fatan ɗan wasa ihun wariya, da “online abuse” ga zagin da ake yi wa mutum ca a kafafen sada zumunta. A shari'ar Luis Suárez, ɗan wasan da aka tuhuma da zagin Patrice Evra a fili a 2011, hukumar ƙwallon Ingila ta haɗa kalmomin biyu a tuhumarta, “abusive” da “insulting”, aka dakatar da Suárez wasa takwas tare da tarar fam 40,000.

Ƙananan abubuwa biyu da kan tona asirin marubuci. Na ɗaya, idan zagi ake nufi, “abuse” ba ta ɗaukar jam'i a wurin Turawa. Abin da jaridunmu kan rubuta, “rained abuses on him”, su “hurled abuse” ko “hurled insults” za su ce, domin “abuses” a wurinsu take haƙƙi ne, irin wanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ke rubuta rahoto a kai. Na biyu, “insultive” tamu ce. A wasiƙar da za ta ƙetare teku, “insulting” za ka sa.

Akwai wasu 'yan'uwansu da ba sai an daɗe a kansu ba. “Affront” ta fito ne daga kalmar Latin ta goshi, asalinta bugun mutum a fuska, kuma ba ta da fassarar da ta fi “cin fuska”. Ta manyan takardu ce da sharhin jarida, an fi jin ta a matsayin suna, kamar a ce wani mataki “an affront to justice” ne. A baki za ta sa ka yi kama da mai karanta jawabi. “Slight” ita ce raini marar hayaniya: an gaisa da kowa an tsallake ka, an raba katin biki ba a kawo naka ba, ka yi sallama an yi biris. Ba a faɗi komai ba, shi ya sa take da wuyar kai ƙara. “Humiliate” daga kalmar Latin ta ƙasa take, wato turɓaya, kuma ita ce tozartawa a gaban jama'a, a kwance wa mutum zani a kasuwa. Abin da mu kan kira “embarrass” a nan, kamar jami'in da ya tsayar da kai a titi ya yi maka tatas, yawanci “humiliate” ko “harass” ne a wurin Bature, domin “embarrass” a kunnensa 'yar kunya ce kawai, irin ta wanda ya manta sunan baƙo. Ita kuwa “diss” gutsuren “disrespect” ce, baƙaƙen fatan Amurka suka yaɗa ta ta waƙoƙin hip-hop a shekarun 1980. Ta dace da zambo da habaicin mawaƙa da hirar abokai. Kada ta kusanci takardar ofis.

In kai ne mai ƙorafi

Ka fara tambayar kanka abin da za ka iya tabbatarwa. Idan kana da ainihin kalmomin da aka faɗa maka, da shaidu, kuma kalmomin da kansu na raini ne, rubuta “insulted”, sannan ka kawo maganar yadda aka faɗe ta, da rana da wuri. Tuhuma ce, za a kira wancan ya kare kansa, don haka ka shirya. Idan kuwa abin da aka faɗa yana iya ɗaukar fassara biyu, ko wasa ne da ya wuce gona da iri, ko magana ce a kan addininka ko ƙabilarka da mai ita zai ce bai san tana da zafi ba, to “I found the remark offensive” ta fi ƙarfi a hannunka, duk da ta fi laushi a kunne. Dalili kuwa, ba wanda zai iya musa maka abin da ka ji a ranka, amma niyyar wani kullum abar musu ce. Mutane da yawa sukan zaɓi kalma mafi zafi don suna cikin fushi, sai wanda ake ƙara ya ce “ban yi nufin haka ba”, magana ta koma kan niyya, ƙorafin ya mutu a nan.

Amma kada ka yi ta jan “offended” a kan kowane abu. A Turancin yau, musamman a intanet, an mayar da “easily offended” abin gori ga mai saurin fushi, kuma lafazin “take offence” da kansa yana nuna kamar kai ka miƙa hannu ka ɗauki ɓacin ran.

Ga ɗan jarida kuma lissafin daban ne. Idan ka rubuta cewa wane “insulted” wane, ka yanke hukunci da bakinka. Idan ka rubuta cewa maganarsa “offended” wasu mutane, rahoton abin da ya faru ka bayar, matuƙar akwai waɗanda suka fito suka nuna fushinsu. Shi ya sa kafafen labarai na waje suka fi son su kawo maganar a cikin alamar zance su bar mai karatu ya auna.

Wurin ban haƙuri ne al'adarmu da tasu suka fi yin karo. Bahaushe idan zai tafi aikin Hajji, ko azumi ya gabato, ko zai bar wurin aiki, yakan ce “idan na saɓa wa wani a yafe mini”, kuma wannan “idan” ɗin ladabi ne, neman yafiya ne har a kan abin da mutum bai sani ba. Mayar da shi Turanci kai tsaye a bayan wani takamaiman laifi, ka ce “I am sorry if you were offended”, sai ya zama kishiyar abin da ka nufa. Turawa sun gaji da jin wannan jimla daga bakin 'yan siyasa da kamfanoni, har suna kiran ta ban haƙurin da ba ban haƙuri ba. Abin da suke ji shi ne: ni ban yi komai ba, kai ne mai ƙaramar zuciya. Jimlar ba ta ma ambaci wanda ya yi laifin ba. Cire “if”, ka sa kanka a ciki: “I am sorry I offended you”. Ka amsa cewa ka ɓata masa rai, ba ka amsa cewa da gangan ka yi ba, kuma yawanci iyakar abin da ake nema ke nan. Idan kuwa ka san zaginsa ka yi, kowa ya ji, to “offend” ta zama wayo, kuma zai gane. Ka ce “I apologise for insulting you”, ko ka ambaci abin da ka faɗa ka ce bai dace ba.

Haka nan “no offence”, da ake sakawa kafin magana mai ɗaci. Daidai take da namu “ba don raini ba”, kuma kamar namun, duk wanda ya ji ta ya san rainin na tafe. Tsakanin abokai tana wucewa, a amsa da “none taken”. Ga shugabanka ko malaminka, gara ka gyara maganar da kanta.

Wani lokaci kuma duk cikinsu babu wadda ta dace, domin abin da aka yi maka ba zagi ba ne, ƙage ne. Wanda ya tare ka ku biyu ya ce maka ɓarawo ya yi “insult”. Wanda ya rubuta a Facebook cewa ka saci kuɗin masallaci, alhali ba ka sata ba, ya shiga babin ɓata suna, wato “defamation”: “libel” idan a rubuce ne, “slander” idan da baki ne. Sharaɗinsa shi ne maganar ta kai kunnen mutum na uku, kuma ta zama wadda za a ɗauka a matsayin gaskiya har ta rage maka daraja. Kotunan da ke bin tsarin shari'ar Ingila, har da na Najeriya, sun daɗe suna cewa ashar ɗin da aka yi cikin zafin faɗa, wadda masu sauraro suka san fushi ne kawai, ba ta zama ɓata suna ba. Idan naka ya kai wannan matakin, kafin ka rubuta wa kowa komai ka ɗauki hoton rubutun da ranarsa, ka kai wa lauya, shi zai zaɓi kalmar.